Kafin Ka Sayi Dogon Babur Don Titunan Kaduna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin mu yi magana a kan wani abu da ke cin kuɗin ma'aikata, 'yan kasuwa da ɗalibai a nan Kaduna. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mutane da dama sun jingine motocinsu sun koma hawa babur. Cikinsu akwai waɗanda idonsu ke kan dogon babur ɗin nan mai taya mai haƙora, wanda aka ƙera don ya bi kwalta ya kuma bi burji. Ana shigo da masu rangwamen farashi daga Chana da Indiya, da fenti mai ɗaukar ido da lambar 200 ko 250 a jikin tanki. Ba mu ce kada a saya ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda yawancin tafiyarsa a kan kwalta take, daga Kawo zuwa Kakuri ko daga Barnawa zuwa Mando, kada ya zaɓi babur da girman lamba ko kyan roba. Ya zaɓa da abu huɗu: tsayin sirdi, irin injin, taya da sufuroket (faifan haƙoran da sarƙa ke bi), sai kuma samuwar kayan gyara a cikin gari.

Sha'awar dogon babur tana da dalili. Duk wanda ke shiga lungunan Rigasa ko Hayin Banki a watan Agusta ya san yadda ruwa ke yanka hanya ya bar kwari. Babur na yau da kullum tazarar da ke tsakanin ƙasan injinsa da ƙasa ba ta cika wuce santimita 16 zuwa 18 ba, dogon kuwa yakan kai 24 ko fiye, don haka ba ya bugun ciki a kan tudun rage gudu ko bakin kwalbati. Shokansa dogo ne, yana shanye rami maimakon ya aika wa bayanka. Tayar gaba mai inci 21 kuma tana haye ramin da mai inci 17 za ta faɗa ciki. Wannan duk gaskiya ne.

Sai dai kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da kuɗin da za ka biya a kan kwalta. Sirdin yakan kai santimita 85 zuwa 89 daga ƙasa, alhali na babur irin Boxer bai wuce wajen 80 ba. Santimita biyar zuwa tara ba komai ba ne a baki, amma a cunkoson titin Ahmadu Bello, inda za ka sauke ƙafa sau da yawa kafin ka wuce shatale-tale ɗaya, su ne bambancin wanda ya tsaya daram da wanda babur ya rinjaya a gefen Keke Napep. Gwajin mai sauƙi ne. Ka hau babur ɗin a shago da takalmin da kake sawa kullum, ka sauke shi daga jak, ka ga ko gaban tafin ƙafafunka biyu na taɓa ƙasa lokaci guda. In sai ka karkata gefe ɗaya kafin ƙafa ta kai, wannan babur ba naka ba ne, komai kyansa. Ka kuma tuna ranar Juma'a da kaftani ko babbar riga, da yadda za ka ɗaga ƙafa ka haye.

Sannan maganar goyo, wadda dillalai ba sa tayarwa. Magidanci a Kaduna ba shi kaɗai ke hawa babur ɗinsa ba, akwai kai yara makaranta, akwai kai uwargida asibiti ko gidan biki. Sirdin dogon babur siriri ne, mai tauri, bayansa a ɗage. Salansar tana bi ta sama daidai cinyar wanda aka goya, in murfin kare zafinta na gwangwani ne sirit, za ta ƙona. Abin da ya fi damun mu shi ne sarƙa. A yawancin dogayen baburan nan a buɗe take, sai ɗan murfi ta sama, kuma tayar baya ba ta da kariya a gefe. Dogon hijabi ko bakin zani na iya shiga sarƙa ko tsakanin wayoyin gargare, kuma in ya shiga, babur na fizgo mace ƙasa ne nan take. Wanda zai riƙa goyon iyali ya nemi babur mai cikakken murfin sarƙa, ko kuwa ya kai wa masu walda su yi masa raga a gefen tayar baya tun kafin kowa ya hau.

Baburan da ke kasuwa za a iya kasa su uku. Akwai na kamfanonin Indiya masu cc 150 (cc shi ne ma'aunin girman injin) da aka ɗan ɗaga, aka ɗaga madogadin gaba aka sa musu taya mai ɗan haƙora, irin su Boxer X150 na Bajaj da HLX 150X na TVS. Waɗannan asalinsu baburan titi ne da aka ƙara wa juriya. Akwai na Chana masu lamba 200 da 250, masu taya inci 21 a gaba da 18 a baya, waɗanda ke zuwa da sunaye iri-iri duk da cewa sau da yawa injinan nasu 'yan gida ɗaya ne. Sai masu sunan Japan irin Honda XR150L da Yamaha XTZ125, waɗanda ingancinsu ba a gardama a kai, amma farashinsu ya fitar da su daga sahun masu araha. Ruɗanin duk yana rukuni na biyu ne, don haka a nan za mu daɗe.

Kada ka yarda da lambar jikin tanki. Ka durƙusa ka duba gefen hagu na injin, ƙasa-ƙasa kusa da fedar giya, za ka ga wasu lambobi da haruffa da aka buga a ƙarfe, kamar 162FMJ, 163FML ko 167FMM. Lamba ta farko, wato 1, tana nufin silinda ɗaya. Biyun da ke biye faɗin silindar ne a milimita. Harafin F na nufin iska ce ke sanyaya injin, M na farko kuma injin babur ne. Harafin ƙarshe shi ne ajin girma: I na 125, J na 150, K na 175, L na 200, M na 250. In an rubuta 250 a tanki amma ka ga L a ƙarshen lambar injin, to 200 ake son sayar maka da kuɗin 250. Ko mai M ɗin ma, galibi ainihin girmansa cc 223 ne ko 229. Wannan dubawar ba ta kai minti ɗaya ba, kuma dillalin da ya ga ka yi ta zai canza yadda yake yi maka magana.

Injinan nan iri biyu ne a ciki. Na farko shi ne wanda makanikai ke kira CG, wanda aka kwaikwayo daga Honda CG125 da ya fito a 1975, injin da tun asali aka ƙera shi don ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Sanduna biyu ne ke tura bawul ɗinsa, ba shi da sarƙar taimin da za ta saki. Yana da ƙara, ba ya son a ja masa totur har ƙarshe na dogon lokaci, amma yana da ƙarfin ja daga ƙasa, kuma duk wani bakaniken babur daga Tudun Wada zuwa Sabon Tasha ya san cikinsa. Na biyu shi ne CB, mai sarƙar taimin. Ya fi laushi, ya fi son gudu, amma in aka yi sakaci da baƙin mai, kan injin ne ke fara lalacewa, kuma in sarƙar ta saki ta tsallake haƙori, fistin na iya dukan bawul ya lanƙwasa shi. Ga mai zirga-zirgar cikin gari da ba ya wuce gudun kilomita 60 zuwa 80, CG ya wadatar, gyaransa kuma ya fi sauƙi.

Abu guda da ya cancanci ƙarin kuɗi shi ne injin da aka sa wa sandar rage girgiza a ciki. Injin mai silinda ɗaya mai girman 200 zuwa sama, in ba shi da ita, da zarar ka wuce gudun 70 za ka ji hannu na mutuwa, madubi na rawa har ba ka gane abin da ke bayanka. Girgizar nan ba gajiya kawai take kawowa ba, ita ce ke kwance notuna, ta ƙona kwan fitila, ta tsaga ƙarfen da ke riƙe da lamba da salansa. Ka tambaya, sannan ka tabbatar da kanka: a tayar da injin, a ja totur zuwa rabi, ka riƙe kan babur ka kalli madubi.

Game da kafireta da sabon tsarin fesa mai na lantarki, ra'ayinmu a bayyane yake. Tsarin lantarki yana rage shan mai, yana tashi da wuri a sanyin safiyar hunturu, amma ya dogara da batir mai lafiya da fetur mai tsabta. Wanda wata rana dole za ta sa shi sayen mai a galan a bakin hanya ya san ba kullum ake samun tsabtar ba. In famfon mai na cikin tanki ya mutu, babur ya tsaya ke nan har sai an samo irinsa. Kafireta kuwa, irin PZ27 ko PZ30 da ke kan yawancin injinan nan, ana kwance ta a wanke cikin rabin awa, sabuwarta ma tana samuwa. Kuma kada ka karɓi babur da ba shi da kik, komai daɗin bakin mai sayarwa.

Yanzu ga gwajin da ya fi duk sauran muhimmanci, kuma kafin biyan kuɗi ake yin sa. Ka ɗauki hoton babur ɗin da sunansa, ka je shagunan kayan babur na unguwarku ko Panteka, ka tambayi abu shida: tayar gaba mai inci 21 da tif ɗinta, sufuroket na baya, takalmin birkin gaba, robar hana yoyon man shokan gaba, wayar kuloci, da robar gefen tanki. Fistin, ringi, fulogi da faranten kuloci ba matsala ba ne, don injinan na musayar kaya da juna. Matsalar tana jikin babur. Sufuroket na baya kowane kamfani da tazarar ramukan notinsa, takalmin birki kowane da siffarsa, robobin jiki kuwa in suka fashe sai dai ɗinki da waya. In shago uku suka ce maka sai an aiko daga Legas ko Nnewi, ka san cewa ranar da abin ya lalace za ka koma hawa Keke Napep na mako biyu da babur a zaure. Taya mai lamba 2.75-17 da 3.00-17 kuwa kowane mai faci a Kaduna yana da tif ɗinta. A nan ne baburan Indiya suka yi wa sauran fintinkau, kuma a nan ne Bahaushe ya ce araha ba ta ado.

Wanda ya riga ya yanke shawarar sayen mai 200 ko 250, ya ware kuɗin abu biyu tun ranar farko. Na ɗaya taya. Tayar da suke zuwa da ita mai manyan haƙora ce, an yi ta don ta nutse cikin laka da yashi ta kama. A kan kwalta babu inda za ta nutse, don haka kan haƙoran kawai ke taɓa ƙasa, robar da ke riƙe da kai ta ragu. Da rani za ka ji gurnani da girgiza, tsakiyar tayar baya ta cinye da wuri ta zama shafaffiya. Da damina kuwa abin ya wuce maganar asara. Ruwan farko da ke sauka a kan kwaltar da ta sha ƙura da ɗigon man manyan motoci, kamar a titin Nnamdi Azikiwe, yana mai da ita santsi, kuma taya mai haƙora ita ce ke fara zamewa in aka taka birki a kwana. Ka canza zuwa taya mai zanen titi mai ɗan zurfi, wadda haƙoranta ke kusa da juna. Ka duba lambobi huɗu na gefen taya masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2523 na nufin mako na 25 a shekarar 2023. Tayar da ta shekara biyar a sito robarta ta bushe ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Iska kuma a bi abin da aka rubuta a takardar babur, a auna da ma'auni, ba da matsa ɗan yatsa ba.

Na biyu sufuroket. Ana ƙera baburan nan da ƙaramin sufuroket a gaba da babba a baya domin hawan tudu a jeji. A kan hanyar Zariya wannan na sa injin ya yi ta kururuwa a giyar ƙarshe, yana shan mai yana zafi ba tare da gudun ya ƙaru ba. A ce naka ya zo da haƙora 15 a gaba da 50 a baya. In ka mai da shi 16 da 46, juyin injin zai ragu da kusan kashi 14 cikin 100 a gudu ɗaya, wato inda yake juyi 7,000 a minti zai dawo wajen 6,000. Girgiza za ta ragu, mai zai ƙara auki. Abin da za ka rasa shi ne ɗan ƙarfin tashi in kana da goyo ko kaya, don haka mai ɗaukar kaya ya tsaya a ƙara haƙori ɗaya a gaba kawai, wanda ke rage kusan kashi 6. Yawancinsu sarƙa mai lamba 428 suke amfani da ita. In an rage na baya, sai an cire gaɓa ɗaya ko biyu. A bar mata sakin santimita 3 zuwa 4 a tsakiya, fiye da na babur ɗin titi, saboda doguwar shoka na jan sarƙa idan ta lotsa. Makanikai da yawa na ɗaure ta tamau kamar ta Boxer, sai ka ga boris ɗin giya da na tayar baya sun mutu ba a san dalili ba.

Birkin faranti a gaba ya zama dole ga babur mai wannan nauyin. Na baya ko na ganga ne ya isa.

Galibin baburan nan a kwali suke zuwa, a nan ake haɗa su, kuma rabin abin da ake zargin kamfani da shi laifin haɗi ne. Kafin ka bar shago, a sa sifana a bi notin tayar gaba da ta baya, notunan da ke riƙe da injin, na kan babur da na birkin gaba. A ɗaga gaba a juya kan hagu da dama, kada ya cije, kada kuma ya yi ƙwas-ƙwas in an girgiza. A buga wayoyin gargare ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe: mai ɗauri tana ƙara siririya, sakakkiya tana amsawa a dushe. Wayoyin nan na saki a makonnin farko, in ba a ɗaure ba gargare zai karkace, kan waya kuma ya huda tif daga ciki. A sa mita a batir injin na aiki, ya nuna tsakanin volt 13.5 da 14.5, in bai kai ba to ba ya caji.

Baƙin man da ya zo a cikin injin a zubar da shi da wuri, kada ya wuce kilomita 300 zuwa 500, za ka ga ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa. Injin CG na cin lita ɗaya ko da ɗan ɗori, kuma ba shi da matatar takarda, 'yar raga ce a bayan babban notin juye, a wanke ta da fetur duk juyi. A sa man babur mai lamba 20W-50 da alamar JASO MA, domin faranten kuloci a cikin man suke wanka, wasu mayukan mota kuma na sa su zamewa. Bayan nan a riƙa juye duk kilomita 1,000 zuwa 1,500. A wannan hidimar ta farko a saita bawul injin na sanyi, da ma'aunin siraran ƙarafa, yawanci tsakanin milimita 0.05 da 0.08 gwargwadon abin da takardar babur ta ce. Bawul da ya matse shi ke sa babur wahalar tashi da safe da mutuwa a tsaye, in aka bar shi kuma ya ƙone. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a riƙa fitar da soson matatar iska duk mako biyu a wanke, a shanya, a shafa masa ɗan baƙin mai a matse. Soso busasshe ƙura na ratsa shi ta cinye ringi, nan da nan babur ya fara hayaƙi. In shokan gaba ba su da rigar roba, a sa musu.

Takardu ba abin wasa ba ne a jihar nan. Mun ga yadda a 2021 gwamnati ta hana hawa babur na wani lokaci saboda matsalar tsaro, kuma dogon babur ya fi jan idon jami'ai a shingen bincike. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar cesis, mai haruffa da lambobi 17, da lambar injin, ka gwada su da abin da ke jikin ƙarfe harafi bayan harafi. Ka yi rajista ka sa lamba, ka mallaki lasisin tuƙin babur da hular kwano ta kirki, tare da ta wanda za ka goya, domin 'yan KASTLEA, masu kula da dokokin hanya na jihar, da jami'an kiyaye haɗurra na da hurumin tambaya.

Shawararmu ita ce: wanda kusan duk tafiyarsa kwalta ce, da ɗan burji a ƙarshen hanyar gida, kuma yana goyon iyali, ya ɗauki mai 150 da aka ɗan ɗaga, mai taya inci 17 da murfin sarƙa. Zai sha mai kaɗan, kayansa na ko'ina, in ya tashi sayarwa kuma akwai masu saye. Mai 200 ko 250 na wanda ke da tsayi ne, wanda ke zuwa gona ko aikin karkara a kai a kai, kuma ya shirya canza taya da sufuroket. Dillalan Kaduna kuma muna roƙon su, duk samfurin da za su shigo da shi su haɗo da sufuroket, takalmin birki, robobin shoka da tif mai inci 21 a kwantena ɗaya, su kuma riƙa ba mai saye littafin babur ɗinsa maimakon barin sa cikin kwalin da aka yar.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wasu masu gyaran babur, Kaduna.